Kada Mu Sayar da Rumbu Mu Sayi Kwalba

  

Yau ba zancen iri ko na feshi na kawo muku ba, zancen kwalba ne. Duk wanda ya ci kasuwar Miga, ko ta Jahun, ko ta Gujungu cikin 'yan makonnin nan ya ga abin da na gani. Da an fara ɗinke buhunan shinkafa da riɗi, sai ka ga motoci da babura sun ɓullo, kowa da lasifikarsa. Wannan ya ce nasa na ƙarin jini ne, wancan ya ce nasa na ƙarin ƙarfi ne, wani kuma ya rantse ƙwayarsa guda ta ɗauke wa mutum cin nama na wata ɗaya. Da bazara, sa'ad da aljihu ya bushe, ba ka jin ɗuriyarsu. Su ma sun san lokacin girbinsu, mu ne kuwa gonar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ran nan na je duba fadamar wani dattijo. Da muka komo gida ya shimfiɗa mini tabarma, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar kwalba a naɗe cikin tsumma, ya ce, "Malam, karanta mini wannan. Jikanyata ce ba ta da kuzari, aka ce in ta sha za ta murmure. Buhun shanshera guda na sayar na saya."

Na juya kwalba na karanta. Na ce, "Baba, ai garin ganyen zogale ne aka ɗura cikin kafso."

Ya ce, "Wane zogalen?"

Na nuna masa bayan danga, inda akuyarsa ta miƙe a kan ƙafafun baya tana tsinkar ganye. Ya yi dariya har da hawaye. Can kuma sai ya yi shiru, don ya tuna da buhunsa.

Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da wannan, ai aikin likita ne? Gaskiya ne, ba na duba maras lafiya, ba na kuwa rubuta magani. Amma masu yin irin waɗannan kaya su da kansu ƙarin abinci su ke kiransu. Watau takin jiki ke nan. Zancen taki kuwa, ai namu ne.

Ku tuna abin da mu ke faɗa muku kullum a bakin gona. Na ɗaya, taki ba ya aiki sai inda ƙasa ta rasa abin da ke cikinsa. Shinkafar da ta tsumbure ta yi tsatsa-tsatsa don rashin zink, ko ka juye mata buhun yuriya ba za ta farfaɗo ba. Na biyu, da awo a ke zuba taki. Wanda ya cika wa shinkafa yuriya, sai ta yi ganye shar ta yi tsawo, iska na kaɗawa ta kwanta cikin ruwa, ya tashi da ƙaiƙayi. Na uku, takin kanti bai taɓa ɗauke wa ƙasa bukatar takin gida da huɗa mai kyau ba. To, jikin ɗan Adam ma haka ya ke, ba ragi ba ƙari.

Kada a ce na ce ba mu da rashi. Akwai shi, har ya yi yawa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya duka cikin 2018 ya nuna, a Jihar Jigawa yara 64 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A ƙasa baki ɗaya kuwa, yara ƙanana 68 cikin 100, da mata masu shekarun haihuwa 58 cikin 100, jininsu bai cika ba. Abin kunya ne a ce wannan ya faru a ƙasar da kogi ya ratsa, ga kifi, ga nono, ga wake, ga lambu. Wannan rashi shi ne tsagewar bangon da ƙadangare ya samu wurin shiga. Uba ya ga ɗansa ya ɗashe, hankalinsa ya tashi, mai lasifika kuwa yana jiransa a bakin kasuwa.

Amma ku lura, ƙarancin jini a ƙasar fadama ba daga abinci kaɗai ya ke zuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro yana cin jini. Tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka wurin wanka da su, tana zubar da shi. Tsutsar ciki tana tsotsarsa. Wanda ya ba irin wannan yaro kwalbar ƙarin jini bai kai shi an duba ba, ruwa ya ke ɗurawa a tulu mai huda.

Bari in ba ku labarin yadda aka fara gano abin nan da a ke kira bitamin, don labarin shinkafa ne da kaji. Wajen 1890, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, akwai wani likita mutumin Holan, sunansa Eijkman. Yana binciken wani ciwo mai kashe ƙafafu da raunana zuciya, wanda a can su ke kira beriberi, ba ruwan sunan da 'yan'uwanmu Barebari. Sai ya lura kajin da a ke ba ragowar farar shinkafa, wadda aka surfe tas, sun kama tangaɗi suna faɗuwa kamar masu ciwon. Da aka koma ba su shinkafar da ba a cire wa dusa ba, sai suka miƙe. Ashe abin da ke tsare jiki daga ciwon yana cikin dusar da a ke zubarwa. A 1912 aka laƙaba wa irin waɗannan abubuwa suna bitamin, a 1929 kuma aka ba likitan nan lambar girma ta Nobel.

To, ga abin sha'awa. In aka jiƙa shanshera aka turara ta kafin a kai inji, kamar yadda matanmu su ke yi tun kaka da kakanni, wani kashi na bitamin ɗin nan yana ratsawa daga dusa ya shige cikin ƙwaya, inji ba ya iya raba su. Iyayenmu mata ba su san sunansa ba, amma sun tsare shi. Bitamin ba a kanti aka halicce shi ba. A gona Allah ya ajiye shi, mutane suka koyi tsamo shi suna sa wa a kwalba.

Akwai inda kwalbar ta ke da amfani ƙwarai, kuma ina roƙonku kada ku guje ta. Sau biyu a shekara, cikin makon lafiyar mata da yara, a kan ɗiga wa yara bitamin A a baki, shuɗin kafso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Yana tsare ido daga dundumi da makanta, yana kuma rage mutuwar yara. Mace mai ciki in ta je awo a kan ba ta ƙwayar sinadarin ƙarfe da folik asid ta sha kullum, don jinin mutum biyu ta ke haɗawa. Yaro mai gudawa a kan ba shi ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da suga. Tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin ci a Nijeriya, shi ya sa maƙoƙo ya ragu ƙwarai. Tun 2002 kuma aka wajabta wa masana'antu ƙara bitamin A cikin man girki da suga da fulawa, alamarsa ita ce hoton ido a jikin mazubi.

Ku dubi waɗannan duka. An san abin da jiki ya rasa, an san wanda za a ba, an san awo, an san ranar dainawa. Kuma yawancinsu kyauta ne ko kusa da kyauta, ba a yi musu kiɗa a kasuwa.

A nan ina da ƙorafi, kuma a kanmu ne. Ƙunshin nan na gyaɗa da madara da suga da mai da a ke ba yara masu tamowa, a Faransa aka fara haɗa shi cikin 1996, kuma a yunwar 2005 ya ceci dubban yara a ƙasar Maraɗi. Magani ne, an ƙidaya wa yaro adadin da zai tashe shi. Amma sai ka tarad da shi a faifan mai talla, ko ka ga ƙato ya matsa shi cikin burodi. Wanda ya ci rabon yaron da ke bakin mutuwa, me zai gaya wa Ubangiji? Haba jama'a!

Yanzu sai mu zo kan maganganu uku da masu talla su ke cin kasuwa da su.

Ta farko, wai bitamin ba ya yawa, in kaɗan ya yi amfani mai yawa ya fi. Wannan ita ce wautar mai cika yuriya. A ƙasar Finlan an gwada maza masu shan taba wajen 29,000 shekara da shekaru. Aka ba waɗansu ƙwayar sinadarin nan da ke sa karas ja, ana zaton zai tsare su daga sankarar huhu. Da aka fito da sakamako a 1994, sai aka ga masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da ciwon da kashi 18 cikin 100. Karas ɗin kansa bai cuci kowa ba, tara abin cikin ƙwaya fiye da kima shi ya jawo. Haka kuma bitamin A mai yawa yana iya nakasa ɗan da ke ciki, don haka mai ciki ba ta shan kafson yara. Ƙwayar ƙarin jinin nan ta masu ciki kuwa, in ƙaramin yaro ya samu ya watsa da yawa a baki yana zaton alewa ce, tana iya kashe shi. A rataye ta inda hannunsa ba ya kai, kamar yadda mu ke ce ku yi da maganin feshi.

Ta biyu, wai abin da aka yi da itace ko aka haƙo daga ƙasa ba ya cuta. Ashe? Tunfafiya ba itace ba ce? Wa ya ke ɗiga ruwanta a ido? Ban raina magungunan iyayenmu ba, da su aka rene mu. Amma ga misali daga cikin gida. A shekarun 1970 likitocin asibitin jami'a na Zariya sun bi diddigin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka ga abin yana tafiya tare da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, in ta yi yawa sai jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Don ƙarin nono a ke ba da ita, da kyakkyawar niyya, amma niyya ba ta rage wa kanwa ƙarfi.

Mafi muni shi ne, sau da yawa abin da ke cikin kwalba ba shi aka faɗa ba. An sha kama kayan ƙarfin maza da a ke cewa tsantsar saiwa ne, a auna a tarar an niƙa ƙwayar asibiti an zuba ba awo. Mai ciwon zuciya da ke shan waɗansu magunguna, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa nan take. Ga kuma ƙwayoyin ƙiba da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha gabannin biki. Cikinsu akwai mai sa barci da jin yunwa, akwai kuma deksametason, magani mai ƙarfi wanda likita kan bayar da lissafi don waɗansu cututtuka. Wanda ya daɗe yana shansa, fuska ta kumbura, ciki ya fito, sai a ce ya yi kyau. Kallon kitse a ke wa rogo. Abin da ke biyo baya shi ne hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi, da jikin da ba ya iya kare kansa daga cuta. Kuma wanda ya riga ya daɗe a kai kada ya yanke rana ɗaya, yin haka ma haɗari ne, sai ya je asibiti a janye masa a hankali. Na ga masu turka suna ba raguna irin wannan don su cika ido ran kasuwa. Ha'inci ne ga mai saye, in kuwa aka ba dabba mai ciki tana iya ɓari.

Ta uku, wai ai daga ƙasar waje ya zo, ko kuwa ai ga lambar hukuma a jiki. A Amurka, bisa dokar da suka yi a 1994, mai yin ƙarin abinci ba ya bukatar ya tabbatar wa hukuma kayansa na aiki kafin ya kai kasuwa. Sai an ga ɓarna hukuma ta ke biyo sawu. Haka aka yi da wani tsiro mai suna efedira da a ke sha don rage ƙiba da ƙarin kuzari, sai da mutane suka mutu sa'an nan aka hana shi a 2004. Saboda haka zuwa daga nesa ba shaida ba ce.

A nan gida, hukumar da ke kula da abinci da magunguna ita ce NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Duk abin da aka ɗura a kwalba ko kwali don a sha, wajibi ne ya ɗauki lambarta. Wanda ba shi da lamba, ko sunan mai yi da inda ya ke, ko ranar da zai daina aiki, kada ka taɓa shi ko kyauta aka ba ka. Amma ku fahimci abu guda. Kayan itatuwa da yawa lambarsu da harafin L ta ke ƙarewa. Ma'anarta, an auna an ga ba guba a ciki, an yarda a sayar na wani lokaci. Ba a ce an gwada an ga yana warkad da abin da mai shi ya ke faɗa ba, shi ya sa a ke tilasta masa ya rubuta a jikin kwalin cewa hukuma ba ta tantance da'awarsa ba. Da Turanci a ke rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, mai lasifika kuwa ba ya karanta muku wannan layin. Lamba kuma a kan yi ta jabu, sai a sa yaro mai waya ya duba kundin hukumar a intanet, ko a tambayi ma'aikacin asibiti.

Doka ma tana bayanku, ko da ya ke da yawa ba su sani ba. Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta hana a yi wa jama'a tallar wani abu a ce yana warkad da ciwon suga, ko hawan jini, ko sankara, ko rashin ƙarfin namiji. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana sayad da magani a kasuwa, ko tasha, ko cikin mota. Ashe duk wanda ka ji yana lissafa cuta goma sha biyu a kan kwalba guda a bakin tasha, ya karya doka tun kafin ya karɓi kuɗinka. Abin tsoro kuwa shi ne mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ta asibiti ya kama wannan. Na san gidan da aka yi haka, yanzu maigidan sai an kwantar an tayar.

Ra'ayina ga mahukunta shi ne, doka ba ta da amfani in ta tsaya a Dutse da Kano. Kasuwannin ƙauye na mako-mako nan ne a ke cin talaka, nan ya kamata ma'aikata su riƙa leƙawa, musamman da kaka. A tilasta rubuta gargaɗin nan da Hausa, da boko da ajami, da manyan baƙaƙe. Gidajen rediyo su daina karɓar kuɗin tallar da hukuma ba ta sa wa hannu ba. Hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa kuma suna da iko su tambayi baƙo takardarsa kafin ya kafa lasifika. Limamai su taimaka da faɗakarwa, don tsare rai da dukiya aikin addini ne.

Mu kuma manoma, namu aikin ya fi na kowa sauƙi, don kantin yana bayan ɗaki. Kowane gida ya dasa zogale a jikin danga, ya bar ɗan wuri don rama da alayyafo da kabewa. In za a shanya ganye a shanya a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a kwaɗo, don bitamin A sai da maiƙo ya ke shiga jiki. Garin kukar nan da yaranmu ke tsotsa, mai yawan bitamin C, tun 2008 ƙasashen Turai suka yarda a shigar musu da shi suna saye da tsada. Masunci kada ya kai kamunsa duka kasuwa, 'yan ƙananan kifin da a ke ci da ƙayarsu suna gina ƙashin yaro. Ƙwai guda a cikin yaro ya fi ƙwai goma a tiren mai shayi, zancen wai zai koya masa sata kuwa camfi ne. A sa wake ko gyaɗa ko waken suya cikin kunun yaye. A matsa lemon tsami ko a yanka tumatir a kan dafaffen wake, yana taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen da ke ciki. Shayi kuwa hana shi ya ke yi, sai a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci.

Masana ma yanzu gona suka komo. Tun 2012 aka fara fitad da irin masara mai ruwan lemo a Nijeriya, wadda ke ɗauke da bitamin A tun daga zangarniya. Akwai dankali mai jan ciki, shi ma haka. A 2018 an fitad da wani gero mai suna Chakti a Nijar, mai yawan sinadarin ƙarfe. Ku tambayi malamin gonar yankinku inda za a sami irin da ya dace da ƙasarku, ku gwada a kunya biyar tukuna, gani ya kori ji.

Dattijon nan kuwa, na ce ya kai jikanyarsa asibiti a duba jininta da fitsarinta. Aka tarar tsargiya ce. Aka ba ta magani, kakarta kuma ta kama yi mata miyar zogale da ɗan kifi. Shekaranjiya na gan ta tana kora awaki da gudu. Kwalbar tana nan a kan taga, ya ce ya bar ta ne don duk sa'ad da ya ji lasifika ya dube ta.

Saboda haka kafin ka kwance bakin buhu don kwalba, tambayi kanka abin da za ka tambaya in taki ne. Me ya rasa? Wa ya duba ya faɗa? Nawa ne awon? Kuma ba ni da irinsa a gida? In ba ka da amsa, mai da kuɗinka aljihu, ka biya ta wurin mai nama.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen shirin gonar alkama kafin sanyi ya sauka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Naku,
Malamin Gona, Miga.